Zauren Uwargida: Farantin Talla Ya Koma Cikin Waya



Kwanakin baya na kai ziyara Gumel, na sauka a gidan wata ƙawata da ke sana'ar turaren wuta da humra. Da, 'yarta ce ke yawo da kayan gida-gida bayan an taso daga boko, har Islamiyya ta riƙa wuce ta. Yanzu ta ɗauke wa yarinyar farantin. Takan jera kwalabenta a kan tabarma, ta ɗauki hoto, ta ɗora a WhatsApp. Kafin la'asar an yi ciniki daga Sule Tankarkar ko Gagarawa, an turo kuɗi ta asusun banki, ta ba direban mota saƙo. Ranar Alhamis kuwa, da yake kasuwar Maigatari ke ci, har baƙi daga Nijar sukan yi mata aike. Ta ce mini tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ta buɗe asusu, ba don tana so ba, sai ga shi ya zame mata alheri.

Na yi murna ƙwarai, domin duk abin da zai raba 'ya mace da talla ya zaunar da ita a aji, ni ina bayansa. Amma da na tambaye ta sirrin cinikin, ba ta ce hoto ba. Cewa ta yi ta manna sunanta da lambarta a jikin kowace kwalba, saboda haka idan ta yi algus, kanta ta yi wa. Gaskiya ta faɗa. Gumel ba Legas ba ce da za a cuci mutum a ɓace. Wadda kika aika wa atamfa mai zuba bayan kin nuna mata mai kyau, gobe za ku haɗu a gidan suna, kuma kafin ku haɗu ta riga ta ba da labarinki a zauren matan unguwa na waya. Ga kuma hisabi, tunda addini ya hana ɓoye aibin kaya.

Wannan wayar dai da ke kai tallar kaya, ita ce ke kawo wa 'ya'yanmu tallar aiki, kuma a nan ne hankalina bai kwanta ba. Tun da gwamnatin tarayya ta fito da N-Power a 2016, aka saba da cike neman aiki ta intanet. Haka ma J-Teach, shirin gwamnatin Jigawa na ɗaukar malamai, yawancin yaranmu a Facebook ko WhatsApp suke fara jin an buɗe. Mazambata sun lura da haka. Sai su kwaikwayi tambarin hukuma, su rubuta sanarwa, su ce gurbi ya kusa cika.

Wata maƙwabciyar ƙawar tawa ta sayar da tunkiyarta ta tura wa wani da ba ta taɓa gani ba, wai zai sa sunan 'yarta, wadda ta gama Kwalejin Ilimi ta Gumel. Kuɗi na shiga, lamba ta daina shiga. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne har lambar BVN da ta katin ɗan ƙasa yarinyar ta tura masa.

Don Allah iyaye mata, a riƙa tsayawa. N-Power ba ta sayar da fom ba, kuma hukumar gaskiya ba ta karɓar kuɗi ta asusun wani mutum. Idan sanarwa ta zo, a sa maigida ko yayan yarinya ya leƙa sakatariyar ƙaramar hukuma ko ofishin ilimi ya tambaya, a kuma saurara ko an faɗa a rediyo. Lambar sirri da banki ke turowa, ko wanda ya ce daga bankin yake kira ba a karanta masa. Idan aka kira yarinya ganawa a otal ko a wani gida, kada ta je, ofis ma ta tafi da muharraminta.

Ita kuwa maƙwabciyar, na baro ta ta karɓi sarin humra kwalba 12 a wajen ƙawata, tana koyon ɗaukar hoto, ko Allah zai sa ta mayar da tunkiyarta kafin babbar salla.

Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.