Araha Ba Ta Ado: Mu Dubi Wayar Talabijin Da Muke Saye Da Sayarwa

Jama'a, ƴan uwa ƴan kasuwa maza da mata, yau za mu taɓa wata magana wadda da yawa daga cikinmu za su ce ƙarama ce, alhali kuwa tana cinye mana kuɗi a ɓoye. Maganar ita ce ta wayar nan da ke sauko da hoto daga farantin parabol da ke kan soro zuwa dekoda da talabijin a cikin ɗaki.

Duk wanda ya zagaya unguwannin Matamaye a yau zai ga faranti ya zama ruwan dare. A da, Tele Sahel kaɗai muke kallo. Yanzu ga Canal+, ga tashoshin Yamai masu zaman kansu irin su Ténéré da Dounia, ga kuma Arewa24 da ta fara aiki a shekarar 2014, wadda iyayenmu mata ba sa son a taɓa musu ita. Kayan kuwa ba wuyar samu suke ba, wasu daga Damagaram suke zuwa, wasu kuma ta hanyar Daura da Ɗan Barto. Baiwar Allah za ta yi watanni tana zubin adashi daga cinikin ƙuli-ƙuli ko rake, ranar da ta kwashi nata ta sayi talabijin mai kyau da dekoda, amma da an zo kan waya sai a ce wa yaro: "Je ka kawo ta araha." To, a nan gizo ke saƙar.

Wannan waya ba irin ta wutar kuran ba ce. Hawa huɗu gare ta. A tsakiya akwai zaren ƙarfe guda ɗaya wanda ke ɗauke da hoto, sai farar roba ta lulluɓe shi, sai takardar alminiyam da saƙar siraran wayoyi waɗanda ke kare hoton daga hayaniyar waje, sannan rigar roba a bisa. Wani Baturen Ingila mai suna Oliver Heaviside ne ya yi rajistar wannan dabara tun 1880. Ta parabol ana rubuta RG6 a jikinta. Akwai kuma siririya mai lamba RG59, wadda ke zubar da ƙarfin hoto da sauri idan tafiyar ta yi nisa. Bayan haka, ta cikin wannan waya ce dekoda ke tura ƴar wuta, bolt 13 ko 18, zuwa na'urar da ke bakin faranti. Ke nan idan wayar ta lalace, aiki biyu ne suka tsaya.

Me ke faruwa da ta araha? Saƙarta ƴan zare ƙalilan ne, rigarta kuma ba ta jure ranar bazara, sai ta bushe ta tsattsage. Da damina ta sauka, ruwa ya shiga, tsatsa ta kama, hoto ya fara daskarewa. Mai gida ya zargi dekoda, ya zargi faranti, ya kira mai gyara sau uku, wani ma har ya sayi sabuwar dekoda, ga kuɗin wata da ya biya yana tafiya a banza. Mun ga maƙwabciyarmu da haka ta faru da ita, abin da ta kashe a gyara ya ninka ragin da ta samu a kan wayar. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, amma ita ba a gaya mata rariya ba ce.

Saboda haka kiranmu na farko ga ƴan uwanmu masu shagon kayan wuta ne. Babu laifi ka sayar da mai tsada da mai araha, domin aljihu ba ɗaya ba ne. Laifin shi ne ka miƙa ta biyu da sunan ta farko. Mun san za a ce ciniki ya yi wuya, kuma mai saye da kansa ke neman ragi. Gaskiya ne. Amma Matamaye ba birnin da mutum zai ɓace a cikinsa ba ne, wadda ka cuta yau gobe a gidan suna za ku haɗu, kuma ita ce za ta hana mata goma zuwa shagonka.

Kira na biyu ga masu saye. Ku ce a fere muku bakin wayar ku gani da idonku, saƙar ta kasance mai kauri. Ku kai maganaɗisu kusa da zaren tsakiya: in ya kama, baƙin ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe. Irin wannan tana aiki a gajeren zango, amma ba ta jure ruwa kamar zallar jan ƙarfe, don haka bai kamata a biya ta da farashi ɗaya ba. A auna tsawon da ake buƙata a sayi guda ba tare da ƙulli ba, domin kowane haɗi ƙofa ce ta ruwa. Kada a lanƙwasa ta da ƙarfi a kusurwa, kada a huda ta da ƙusa, kada kuma a ɗaure ta tare da wayar kuran. Kafin ta shiga bango, a bar ta ta ɗan yi ƙasa sannan ta hau, yadda ruwan sama zai ɗiga a waje. Masu son raba layi ɗaya zuwa ɗakin uwargida da na amarya su sani, abin raba layin yana rage wa kowane ɓangare fiye da rabin ƙarfin, kuma dekoda biyu kan yi ta jayayya. Mafita ita ce na'urar bakin faranti mai ƙofa biyu, kowa da wayarta, a zauna lafiya.

Na ƙarshe kuma mafi girma, maganar rai ce. Faranti ƙarfe ne a saman gida. Ku sa mai aikin ya haɗa shi da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa. Da kun ga hadari ya haɗu, tun kafin a fara tsawa, ku cire wayar faranti da ta kuran duka, ku hana yara taɓawa. Ana sake sayen talabijin, ba a sake sayen ɗa.

Allah ya sa albarka a cikin cinikinmu, ya kuma ba mu ikon riƙe amana, amin.