Hutun Bana a Ƙasar Makarfi: Safiya ta Ƙafa, Yamma ta Zare



Hutun ƙarshen shekara ya ƙarato, kuma na san a gidaje da yawa an fara lissafi. Mu 'yan ƙasar Makarfi da Ikara da Kudan da aiki ko aure ya kai mu Kaduna, Kano ko Abuja, galibinmu gida za mu nufa. To 'yar'uwa, idan kin je me za ki yi? Na san amsar: gaisuwa, biki, sai kwanciya. A sauka daga mota a shige ɗaki, yara su rungumi waya, bayan mako guda a dawo da buhun masara da damin rake da ƙarin ƙiba.

Yau tsari nake so in kawo miki na kwana biyar, wanda kuɗinsa bai kai na ankon biki ɗaya ba. Da safe ki taka ƙasa, ki zaga gonaki da fadamu. Da yamma ki zauna gaban wata tsohuwa da auduga ko zare a hannunki, ki koyi abin da ta iya tun tana raye.

Kada ki ɗauka wannan aikin marasa abin yi ne. A tsibiran Shetland da ke arewacin Sikotland, tun shekarar 2010 ake ware mako guda duk shekara domin ulu da saƙa, mutane na tahowa daga Amurka da Jamus da sauran ƙasashe. A ƙasar Aisland kuma akwai masu biyan kuɗi mai yawa don a kai su hawan duwatsu da rana, da dare a koya musu saƙar gargajiyar ƙasar. Su da gashin tumaki suke taƙama. Mu auduga Allah Ya ba mu, da baba, kuma tarihinmu a wannan fanni ba ƙarami ba ne.

A ƙarni na 19, yankin da ya tashi daga kudancin Kano ya gangaro arewacin Zazzau shi ne cibiyar saƙa da rini ta Daular Usmaniyya, kuma garuruwanmu a cikin wannan yanki suke. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, da ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a ƙasar nan suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Baƙin rawanin nan mai sheƙi da Buzaye ke so, sunan garin Kura ya ɗauka. Amma duk wannan ciniki daga hannun mace yake farawa. Ita ke gurzar auduga, ta shiɓe, ta kaɗa. Masaƙi da marini da mai bugu duk bayanta suke zuwa. Daga baya zaren kanti ya shigo, aka buɗe masaƙar zamani ta farko a Kaduna a 1957, ita ma da 'yan'uwanta suka zo suka durƙushe. Yau a ƙauyukanmu mai iya kaɗi sai tsohuwa, kuma duk wadda ta rasu da iyawarta ake binne ta.

Bari mu fara da safiya. Watan Disamba ya dace da wannan tafiya: an gama yankan dawa, hanyoyin gona sun bushe, rana ba ta da zafi sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Ku fita idan gari ya waye sosai, ku uku ko huɗu, da izinin maigida, da wani ɗan gari da ya san hanya. Ku tambayi mai unguwa inda ake zuwa da inda ba a zuwa, ku tsaya inda manoma ke kai da komo, ku dawo kafin hantsi ya dubi ludayi. Ko a Gubuchi kike, ko Gazara, ko Hunkuyi, ba za ki rasa hanyar fadama ba, inda za ki tarar ana saran rake, wani wurin ma ana dafa mazarƙwaila. Yaran da aka haifa a birni, da yawansu ba su taɓa ganin auduga a jikin itacenta ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum na bukatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, yara kuma awa guda kowace rana. Minti 30 sau biyar, kin cika lissafi ke nan. Ma'aunin saurin kuwa mai sauƙi ne: ki yi tafiyar da za ki iya hira, amma numfashi ba zai bar ki ki rera waƙa ba. A wurin aiki kullum muna gaya wa masu hawan jini da ciwon suga su riƙa tafiya, su ce ina wuri, ina lokaci? Ga wuri ga lokaci. Wadda ta saba da kwana biyar a ƙauye, za ta fi samun ƙarfin gwiwar ci gaba idan ta koma birni.

Ga abubuwan kiyayewa. Ki sa takalmi rufaffe, musamman mai ciwon suga, kuma ta duba tafin ƙafarta bayan an dawo. Ƙayar da ba ta ji shigarta ba tana iya zama gyambo. Ta karya kumallo kafin fita, ta kuma ja hannu daga rake da mazarƙwaila duk da kwaɗayinsu. Mai asma ta sa takunkumi saboda ƙurar hunturu, abin shaƙarta na cikin jaka. Kada a bar yara su shiga ruwan kududdufi ko na fadama, nan ake ɗaukar tsargiya. Kada kowa ya cusa hannu cikin tarin kara ko rami. Idan tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba a ɗaurewa, ba a tsagawa, ba a tsotsa. A cire zobe da awarwaro, a hana shi motsa wurin, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take.

Ki riƙe 'yar jaka, domin kayan rinin yamma a hanya za ki tsince su. 'Ya'yan bagaruwa da suka zubo, ganyen lalle, karan dafi, saiwar rawaya idan akwai wanda ya san ta, da auduga kaɗan idan mai gona ya yarda. Ki nemi izini kafin ki taɓa abin gonar wani. A gida kuma ki sa a tara miki ɓawon albasa.

Yanzu sai yamma. Ranar farko da ta biyu na kaɗi ne. Ki yi cigiyar tsohuwar da har yanzu ke da mazari, ki je da goro da sabulu da ɗan abin da ya sawwaƙa, kada ki je hannu rabbana. Za ta nuna miki yadda ake gurza da ɗan ƙarfe a kan magurji har angurya ta fita, yadda ake shiɓa da ɗan baka har auduga ta tashi kamar kumfa, sannan a naɗe ta, a shafa alli a yatsu, a murza mazari. Za ki gane bambancin abawa mai kauri da siririn zare. Bara da na zauna gaban goggona a gida, zarena ya yi ta tsinkewa, sai ta ce, "'Yar nan, ba da ƙarfi ake yi ba. Ki bar auduga ta biyo ki." Na ce, "Goggo, ke shekara nawa kika yi kafin ki iya?" Ta yi dariya ta ce tun kafin a yi mata aure take kaɗi, da kuɗin zare aka cika mata wasu kwanukan jerenta. A wannan zaman na ji sunayen kakanninmu mata da ban taɓa ji ba, da inda karofin garin yake kafin a gina gidaje a kansa. Irin wannan hira ba ta fitowa a gaisuwar tsaye, sai hannu na aiki baki ke sakewa.

Kwana biyu ba za su mayar da ke gwana ba, kuma zaren da za ki kaɗa ba zai isa hula ba. Don haka ki taho da zaren auduga fari daga kasuwa. A nan ne mata da yawa ke yin asara: yawancin abin da muke kira ulu a kasuwanninmu ba gashin tunkiya ba ne, zaren roba ne, kuma rinin itace ba ya kama shi. Ki ƙona ɗan bakin zaren ki gani. Idan ya narke ya dunƙule yana warin leda, roba ne. Idan ya ci wuta ya bar toka mai laushi yana warin takarda, auduga ce.

Rana ta uku ta rini ce. Ki warware zaren ki naɗa shi a bayan kujera ya zama zobe, ki ɗaure wuri huɗu sako-sako don kada ya cukurkuɗe. Ki dafa shi awa guda da sabulu da 'yar kanwa, za ki ga ruwan ya yi ja-ja. Wannan maiƙon ne ke hana rini shiga. Ki ɗauraye, ki jiƙa shi cikin ruwan dafaffiyar bagaruwa ya kwana. Washegari ki sa shi cikin ruwan ɗumi da alam, irin wanda ake tace ruwa da shi, kamar cokali babba ɗaya ga zare giram 100. Bagaruwa da alam su ne ke riƙe launi a jikin auduga. Daga nan sai tukunyar launi. Ɓawon albasa na ba da ruwan ɗorawa mai kyau har zuwa ruwan zuma. Lalle na ba da ruwan ƙasa. Karan dafi na ba da ja. Bagaruwa da ruwan da aka jiƙa tsatsattsen ƙarfe na ba da toka-toka har zuwa baƙi. Gangamau, wanda wasu ke ce wa kurkum, launinsa na ɗaukar ido amma rana na cinye shi, zoɓo kuwa wanki ɗaya ya ishe shi, kada ki ɓata zarenki. Ki shanya a inuwa. Tukunyar rini kuma ta rini ce, ba ta komawa kan murhun girki.

Baba shi ne sarki, amma aikinsa daban ne. Ba ya bukatar alam. Sai an haɗa shi da ruwan toka an bar shi kwanaki ya ruɓa kafin ya kama tufa, kuma zaren da aka tsamo daga ciki kore-kore yake fitowa, iska ce ke mayar da shi shuɗi a gaban idonki. Wannan ki kai yara su gani wurin masu shi. Idan babu marina a kusa, ta Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, tana nan tana aiki.

Akwai gargaɗin da ba zan tsallake ba. Wasu za su ce miki ki huta da wahala, ki sayi rinin kanti da soda da haidiro. Sodar nan ita ce ta masu haɗa sabulu, kuma idan ta narke ba ta da maraba da ruwan sha a ido. Duk ma'aikaciyar jinya da ta yi aiki a ɗakin yara ta san abin da take yi: yaro ya ga ruwa a gorar lemo ya kurɓa, maƙogwaro ya ƙone, bayan makonni hanyar abinci ta tsuke, ko koko ba ya wucewa, a shiga jigilar asibiti ta shekaru. Idan har za ki yi amfani da ita, sai da safar hannu, a fili, babu yaro a kusa, kuma kada a taɓa zuba ta a gorar abin sha. Idan yaro ya sha, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja, a garzaya asibiti da ragowar abin da ya sha. Idan ta fantsama a ido, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 20 sannan a tafi. Gidan da ke cike da yaran hutu, ni dai shawarata a tsaya kan ɓawon albasa da bagaruwa.

Ranar huɗu da ta biyar na saƙa ne. Ki ɗauko kwarashi ko kibiyoyinki ki saƙa abu ƙarami da za ki iya gamawa: hular jariri da safa. Sanyin hunturu ba ƙaramin haɗari ba ne ga sabon haihuwa, balle bakwaini, kuma kansa babba ne idan aka gwada da jikinsa, ta nan ɗumi ke saurin fita. Ki wanke zaren sosai har ruwan ya fita fari kafin ya taɓa fatarsa, kada ki sa igiya a wuya ko wani ado da zai iya cirewa ya kai baki. Ki zauna inda haske yake, duk rabin awa ki miƙe ki warware wuya da yatsu. Ki ba 'yarki nata zaren, ɗanki ma idan yana so. A ƙasar Hausa ai maza ne masaƙan fari da saƙi, su ne kuma marina.

Masu sauran ƙarfi, a hanyar komawa ku tsaya Zariya ku hau Dutsen Kufena da ke kusa da Wusasa, da sassafe, da ɗan rakiya. Wanda ya yi kwana biyar yana taka hanyar fadama ba zai sha wuyar hawan ba.

Abu ɗaya nake roƙonki. Kafin ki baro gida, ki nemi izinin tsohuwar nan ki ɗauki hannuwanta a waya tana kaɗi, ki rubuta sunan kowane kayan aiki yadda ta faɗe shi, ki sayi zarenta da daraja ba tare da tayi ba. Idan mata goma daga kowane gari suka yi haka a hutun nan, 'yan matan ƙauyen za su ga abin kakarsu na kawo kuɗi, wata a cikinsu za ta ɗauki mazari. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an ɗebo ta kafin tulun ya fashe.

Wadda ta san garin da har yanzu ake kaɗi ko rinin baba a ƙasar Makarfi, Ikara ko Kudan, ta rubuta mana sunan garin a ƙasa don wasu su amfana. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu tattauna kan tari da mura na yara a lokacin hunturu, da lokacin da ya kamata a daina jiƙe-jiƙe a tafi asibiti. Allah Ya kai mu gida lafiya, Ya dawo da mu lafiya.