SHARHI: Taro ya koma intanet, an bar kurame da makafi a bakin ƙofa

A watan Mayun 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe ofisoshi, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta yi zamanta na farko ta bidiyo. Bayan wata biyu, Kotun Ƙoli ta bayyana cewa zaman shari'a ta intanet bai saɓa wa kundin tsarin mulki ba. A 2023 kuma, dokar sauƙaƙa harkokin kasuwanci ta bai wa kamfanonin da jama'a ke da hannun jari a cikinsu damar gudanar da babban taronsu na shekara ta intanet. Annoba ta wuce, amma al'adar ta zauna: bita, taron manema labarai da jin ra'ayin jama'a duk ana yin su a Zoom da Google Meet.

Ga mai keken guragu da ya sha tsayawa a gindin matattakalar zauren taro, wannan sauyi alheri ne. Ga kurma da makaho kuwa, sau da yawa ƙofar tana nan a rufe.

Matsalar makaho takan fara ne tun daga gayyata. Yawancin sanarwar taro hoto ne da ake yaɗawa a WhatsApp, an zana rana da lokaci a jikinsa. Manhajojin da ke karanta wa makafi allo, irin su TalkBack a wayar Android da NVDA a kwamfuta, rubutu suke karantawa, hoton da ba a haɗa shi da bayani ba kuwa yakan gagare su. Idan makahon ya samu shiga, sai mai jawabi ya haska jadawali ya ce "kamar yadda kuke gani". Allon da aka haska bidiyo ne, manhajar ba ta iya karanta shi, don haka alƙaluman da za a yi muhawara a kansu sun wuce shi.

Halin kurma ya fi haka sarƙaƙiya. Masu shirya taro kan dogara da rubutun da manhaja ke fitarwa da kanta a ƙasan allo. Wannan fasaha ta fi ƙwarewa a Turanci da manyan harsunan duniya, kuma takan rikice idan mai magana ya gauraya Hausa da Turanci ko murya ta riƙa yankewa. Ga wanda ya tashi da kurumta, maganar hannu ce harshensa na farko, rubutu na biye. Ita ma maganar hannun iri-iri ce: wadda ake koyarwa a makarantun kurame ta samo asali ne daga ta Amurka, alhali kuramen ƙasar Hausa suna da tasu ta gado, wadda masaniyar harshe Constanze Schmaling ta yi nazari a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000. Tafintan da ya iya ɗaya kaɗai zai bar wasu a duhu.

Akwai kuma batun kuɗi. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Mai ji yana iya kashe bidiyo ya saurara don ya tsimi data. Kurma ba shi da wannan zaɓi, domin dole ya ga hannun tafinta, kuma idan hoto ya tsaya cak na 'yan daƙiƙu, jimla ta tafi. Taro ɗaya ne, amma shi ya fi kowa biya. Zaurukan murya zalla irin na X, inda ake tafka muhawarar siyasa, kusan babu gurbinsa a ciki.

Doka ba ta yi shiru ba. Najeriya ta tabbatar da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010, kuma sashe na 9 na yarjejeniyar ya sanya fasahar sadarwa cikin abubuwan da ya wajaba su samu damar amfani da su. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna musu wariya, wadda ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfani ko hukuma, da naira 100,000 ko ɗaurin wata 6 ga mutum. Sai dai an rubuta dokar kafin taron intanet ya zama ruwan dare, kuma ƙarfinta ya fi karkata ga gine-gine, sufuri, ilimi, lafiya da aikin yi. Wa'adin shekara 5 da ta bayar don gyara gine-ginen jama'a ya cika a Janairun 2024, ga shi har yau matattakala na tare mutane a ma'aikatu da yawa. Inda ginin da kowa ke gani bai gyaru ba, da wuya zauren da ba a gani ya gyaru don kansa.

Gyaran kuwa bai kai na gini tsada ba. A sa gurbi a takardar rajista inda mahalarci zai faɗi buƙatarsa. A aika da takardun taro a rubuce kwanaki kafin zama. A ɗauki tafintoci biyu masu karɓa-karɓa, domin aikin yana gajiyarwa, a kuma kafe hotonsu a allo. Mai jawabi ya ambaci sunansa, ya karanta abin da ya haska. A karɓi tambaya da baki, da rubutu, da hannu. Duk wannan a lokacin tsara kasafin taro ake yanke shi, kuma a nan ne aka fi mantawa.

Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2020, ita ce ta dace ta fitar da ƙa'ida a rubuce ga ma'aikatu, kotuna da majalisu, masu ba da tallafi kuma su mayar da ita sharaɗin sakin kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 16 cikin ɗari na mutanen duniya na rayuwa da wata naƙasa. Taron jin ra'ayin jama'a da aka yi ba tare da su ba, rahotonsa zai ce an ji kowa, kuma a kan wannan rahoton za a gina kasafi da doka.