Takardar kuran ta lokacin ɗari: a dubi konter kafin a ɗaga murya

Duk shekara idan Janairu ya ƙare, ana ganin magidanta a bakin ofisoshin NIGELEC na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, takarda a hannu, rai a ɓace. Hujjarsu guda ce: tun da hunturu ya shigo aka kashe fankoki, to ta wace hanya kuɗin wuta suka haura? Tambayar tana da muhalli. Sai dai galibi amsarta tana cikin gida, kuma wanda bai bincika gidansa ba, ƙorafinsa ba ya da ƙarfi.

Lissafin ba shi da wuya. Fanka mai wat 70 idan ta kwana tana juyawa awa 10, abin da ta ci bai wuce kilowat 0,7 ba. Dafa bokiti guda na lita 20, daga sanyin asuba zuwa ɗumin wanka, shi ma kimanin haka yake ci. Ke nan gida mai mutum 10 da kowa ke tsoma ƙarfen dafa ruwa a bokitinsa yana shan kilowat 7 a rana, fiye da 200 a wata. A ƙara da risho na lantarki da dutsen guga, waɗanda kowanensu ke kai wat 1000 ko fiye. Duk abin da ke haifar da zafi ya fi abin da ke ba da iska cin wuta nesa ba kusa ba. Kuma da yake farashi rukuni-rukuni ne, wanda ya tsallake rukunin masu ƙaramin ƙarfi ya shiga tsada.

Hanyar gano gaskiya ba ta bukatar injiniya. Da farko maigida ya gwada lambar da ke kan takarda da wadda ke kan konter. Idan ta takarda ta zarce, an yi kuskure ko ƙiyasi. Na biyu, ya kashe kome da ke gidan, har firiji, sannan ya duba. Idan faifan bai tsaya ba, ko jar fitilar ta ci gaba da ƙiftawa, to wuta na zurarewa ta tsohuwar waya, ko kuma wani maƙwabci ya ja layi. Na uku, ya riƙa kunna kayan ɗaya bayan ɗaya, yana rubuta lamba safe da yamma har mako guda. Mai laifi zai bayyana kansa.

Wannan ba wanke kamfani ba ne. Ƙasar da akasarin magidantanta ba su karanta Faransanci ta cancanci takardar da kowa zai fahimta, da bayani cikin Hausa da Zabarmanci a gidajen rediyo. Hukumar ARSE mai sa ido kan makamashi tana da hakkin tabbatar da cewa duk wanda ya kawo lamba mai saɓani an saurare shi kafin a yanke masa wuta. Amma ɗan kasuwar da ba ya karɓar buhun gero sai ya auna, bai kamata ya biya jaka talatin ido rufe ba.

Batun ya wuce aljihun mutum guda. Lokacin da Nijeriya ta katse layinta a Agusta 2023, har zuwa Maris 2024, kowa ya ga yadda ƙasar nan ta dogara da wutar waje. Kilowat ɗin da ya salwanta a bokiti ko a ruɓaɓɓiyar waya hasara ce ta kowa. Ma'aikacin da ya iya karanta konter ɗinsa, ya riƙe lambobinsa a littafi, shi ne zai tsaya gaban ma'aikacin ofis da hujja, kuma irinsa ne ke iya tambayar hukuma inda kuɗin jama'a suka shiga.