Kafin Ki Amince Ya Yi Wa Katin Hoton Kwamfutarsa Filashin

Idan kina da saurayi ko budurwa mai kwamfutar tebur a gida, wataƙila wata rana za ki ji an ce, "Mama, zan yi wa katina filashin, zai ƙara gudu." Kuɗin katin kuwa daga adashinki ya fito, ko daga aljihun babansa. Saboda haka kina da haƙƙin sanin abin da ake shirin yi kafin ki ce to ko a'a.

Katin hoto wani allo ne da ake sakawa a cikin kwamfuta. Shi ke zana duk abin da ke bayyana a fuskarta, musamman wasanni, haɗa bidiyo da zanen gine-gine. Yara suna kiransa GPU. Kamfanoni irin su Nvidia da AMD ne ke ƙera zuciyarsa, kuma sau da yawa shi ne mafi tsada a cikin akwatin gaba ɗaya.

A jikin katin akwai ɗan ƙaramin ma'aji da ke riƙe da wata manhaja da ake kira bayos. Ita ce ke gaya wa katin iyakar gudunsa, yawan wutar da zai sha, da lokacin da fankarsa za ta ƙara juyawa. Filashin shi ne a goge wannan manhaja a rubuta wata a madadinta, kamar dai yadda masu gyaran waya ke yi a kasuwa. Bambancin shi ne, a nan burin a ɗaga iyakokin da kamfani ya sa.

Kada ki ɗauka yaron shirme yake yi, abin yana da tushe. A ƙarshen 2010 masu sha'awar kwamfuta sun gano cewa idan aka sa wa katin Radeon HD 6950 bayos ɗin babban yayansa HD 6970, sassan da kamfani ya kulle suna buɗewa, daga 1408 su koma 1536. Mutum ya sayi mai araha ya samu kusan aikin mai tsada. A 2019 ma an yi makamancin haka da RX 5700, inda ake ɗora masa bayos ɗin RX 5700 XT. Irin waɗannan labarai ne yaranmu ke gani a YouTube har ransu ya biya.

To mu yi lissafi irin na cefane. Daga 1408 zuwa 1536 ƙarin kusan kashi 9 ne cikin 100. Ko da an ci ribar gaba ɗaya, wasan da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa zai koma wajen 65. Ido ma da ƙyar zai gane bambancin. Wannan ita ce ribar. Asarar kuwa, in ta zo, katin ne dungurungum.

Hanya ta farko da asarar ke zuwa ita ce yankewar wuta. Filashin bai fi 'yan daƙiƙoƙi ba, amma a cikinsu an goge tsohuwar manhajar, sabuwar ba ta gama zama ba. Idan aka ɗauke wuta a daidai lokacin, kwamfuta za ta tashi fuskarta baƙi ƙirin. Masu harkar suna cewa katin ya zama bulo. Wanda ya yi bidiyon a Amurka ko Jamus ba ya wannan fargabar, mu kuwa mun san halin wutarmu.

Ta biyu ita ce ɗauko bayos ɗin da ba na katin ba. Katuna biyu za su iya zama suna ɗaya, amma kamfanin da ya haɗa su daban, ƙwaƙwalwar da ke cikinsu ma daban: wani ta Samsung, wani ta Micron, wani ta Hynix. A asibiti ba ma ba mara lafiya maganin maƙwabcinsa don kawai ciwonsu ya yi kama. Haka abin yake a nan. Bayos ɗin da ya yi wa wani aiki zai iya hana fankar katin ɗanki juyawa yadda ya kamata, ko ya kashe ramin da ake jona wayar allo.

Ta uku zafi ne. An tsara RX 5700 a kan wat 180, shi kuwa XT wat 225. Ƙarin wutar nan zafi yake komawa, kuma dole na'urar da ke raba wuta a cikin akwatin ta iya ɗaukar nauyin. Ki haɗa wannan da ɗaki a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka. Wannan lalacewar ba rana ɗaya take nunawa ba, a hankali take cin katin.

Ta huɗu, garanti. Kamfanoni ba sa karɓar katin da ya mutu saboda an sa masa bayos ɗin da ba su amince da shi ba. Ga kuma manhajojin filashin na bogi a intanet, waɗanda ke shigo da ƙwayar cuta cikin kwamfutar da wataƙila ke ma kike buɗe asusun bankinki a kanta.

Akwai wani ɓangaren da ya shafe ki ko da ɗanki bai taɓa tunanin filashin ba: sayen katin hannu. Masu haƙar kuɗin kirifto sun shafe shekaru suna canja bayos ɗin katuna irin su RX 570 da RX 580 don su ƙara samu, suna barinsu a kunne dare da rana. Da tsarin Ethereum ya daina amfani da haƙa a watan Satumba na 2022, katunan suka cika kasuwannin kayan hannu. Wasu suna aiki lafiya, wasu kuwa sai ɗige-ɗige a allo ko kwamfuta ta ƙi karɓarsu. Akwai kuma 'yan damfara da ke yi wa tsohon kati kamar GTS 450 filashin don ya riƙa nuna sunan GTX 1050 Ti. Kada a biya kuɗi sai an gwada katin a gaban mai sayarwa, an kunna wasa na ɗan lokaci, an kuma duba shi da manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce.

Shawarata, kada ki buɗe baki da faɗa. Yaron da ya kai ga sanin bayos yana da basirar da za ta iya zama sana'a. Zaunar da shi ki yi masa tambayoyi. Ya ajiye kwafin bayos ɗin asali a wani wuri daban? Katin yana da ɗan makunnin nan mai bayos biyu, wanda in ɗaya ya lalace a koma ɗayan? Akwai inbata ko batirin ajiya da zai riƙe kwamfutar in an ɗauke wuta? Bayos ɗin daga shafin kamfanin da ya haɗa katin ya fito? Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci, domin kamfanoni da kansu kan fitar da sabon bayos, kamar yadda aka yi wa RX 5600 XT a farkon 2020, kuma wannan ba ɗaya yake da na wani baƙo a intanet ba. Sannan ki tambaye shi: in katin ya mutu, wa zai sayi wani?

In ya kasa amsa ko ɗaya, ya dakata. Akwai hanya mai sauƙin haɗari: manhaja irin MSI Afterburner tana ƙara gudun kati kaɗan-kaɗan ba tare da taɓa bayos ba, in abu ya rikice a mayar da shi yadda yake. Share ƙurar fanka ma kan dawo da gudun da zafi ya rage.

In kuma an riga an yi, ki sa kunne da hanci. Ƙaurin roba, fanka mai ihu ba tsayawa, ko kwamfuta mai mutuwa da kanta, duk alamu ne a zare waya daga soket nan take. Kada a watsa ruwa, kada a bar ta a kunne a ɗakin da yara ke barci. Katin da ya zama bulo ma kada a yar, gwanayen gyara kan iya sake rubuta masa bayos da wata 'yar na'ura.

Wadda ɗanta ya taɓa gwadawa, ta ba mu labarin yadda aka ƙare a ƙasa, sauran iyaye su ƙaru. Allah Ya shirya mana zuri'a.