Garun Gabas: Ƙauyen Da Masu Nazarin Hausa Suka Manta

Babu ɗalibin Hausa da zai kammala shekararsa ta farko bai haddace sunayen Hausa Bakwai ba, watau Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano da kuma Biram. Amma in aka ce ya nuna inda Biram take a taswira, sai ka ga ya yi shiru. Biram ɗin nan kuwa ita ce Garun Gabas, wani ɗan ƙaramin gari da ke Ƙaramar Hukumar Malam Madori, cikin masarautar Haɗejiya ta Jihar Jigawa. Ra'ayina shi ne, sakacin da muka yi da tarihin wannan gari da ire-irensa babban giɓi ne a nazarin Hausa, kuma mu ɗalibai ya kamata mu cike shi.

Bisa ga labarin da aka gada, Bayajidda ya baro Barno tare da matarsa, 'yar Sarkin Barno, tana da juna biyu. Da suka iso Garun Gabas sai ya bar ta nan, ta haifi ɗa namiji wanda aka kira Biram. Shi kuwa ya wuce Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa, sannan ya isa Daura ya kashe macijiyar rijiyar Kusugu. Ke nan a cikin labarin kansa, Biram ya girmi Bawo da 'ya'yansa shida waɗanda aka ce su suka mulki sauran ƙasashen.

Wani zai ce ai wannan tatsuniya ce, tun a 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya nuna cewa ba za a ɗora kafuwar daulolin Hausa a kanta ba. Gaskiya ne, kuma ba na jayayya da shi. Sai dai tatsuniya ba ta zaɓen gari haka kawai. Me ya sa masu ba da labarin suka sa wannan wuri ya zama zango tsakanin Barno da Daura? Amsar tana cikin yanayin ƙasar.

Kogin Haɗejiya ya samu ne daga haɗuwar kogin Kano da na Calawa. Yana gangarawa gabas, ya rarrabu cikin fadamu, ya gamu da ruwan kogin Jama'are, su zama kogin Yobe mai zuba a Tafkin Cadi. Ƙasar kashi biyu ce: akwai jigawa mai rairayi inda ake noman gero da dawa da wake, akwai kuma fadama inda ake shinkafa da su da kiwo da noman rani. Duk inda tudu da ruwa suka haɗu haka, nan mutane kan kafa gari, nan kuma ayari kan yada zango. Saboda haka yankin ya zama mahaɗar Hausawa da Barebari da Badawa da Fulani. Kafin jihadi, Garun Gabas tana cikin ƙananan masarautu bakwai na wannan yanki, tare da Auyo da Haɗejiya da Gatarwa da Kazura da Fagi da Dawa, waɗanda ke biyan gaisuwa ga Barno ta hannun Galadiman da ke zaune a Nguru.

To, yaya aka yi gari mai wannan asali ya koma ƙauye? Dalili na farko shi ne jihadi. A farkon ƙarni na 19 Fulanin yankin, ƙarƙashin Umaru da ƙanensa Sambo, suka haɗe ƙananan masarautun nan suka zama ɗaya, Haɗejiya ta zama hedkwata. Daga nan tarihin da ake bayarwa ya koma tarihin fada: labarin Sarki Buhari da tawayensa ga Sakkwato, da na Sarki Muhammadu wanda ya yi shahada a hannun Turawa a 1906. Dalili na biyu shi ne jirgin ƙasa. Da layin dogo na Kano ya isa Nguru a 1930, sai ciniki ya koma tashoshi irin su Malam Madori, inda ake sayen gyaɗa. Tsofaffin garuruwa suka zama 'yan kallo.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne, ƙasar kanta tana sākewa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Calawa ta 1992 sun canza yadda ruwa ke sauka a fadama. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, ambaliya kuma ta cinye gidaje da gonaki a masarautar a 2020 da 2022. In gari ya tashi, sunayen unguwanni da kufai da tafkuna kan tafi tare da shi. Mun riga mun ga misali: harshen Auyokawa, ɗan'uwan Badanci da Ngizimanci, ya mutu a wannan yanki ba tare da an tattara wani abin kirki daga cikinsa ba.

Don haka ina kira ga malamanmu da su riƙa karkata kundayen neman digiri zuwa ƙauyuka. Ɗalibi ɗaya ya ɗauki jerin sarakunan Garun Gabas da kirarinsu, wani ya ɗauki sunayen wurare da asalinsu, wani kalmomin masunta da manoman fadama, wani kuma karin harshen Haɗejiya. A naɗi muryar dattawa, a rubuta sunan wurin da ranar, a zana taswira, a ajiye a ɗakin karatu na Sashe. A kuma gwama abin da aka ji a gari ɗaya da na maƙwabtansa, domin kowane gari yakan ƙawata asalinsa. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Dattawan da suka san waɗannan abubuwa suna nan da ransu yau, aikin kuwa bai fi ƙarfin ɗalibi mai himma ba. Allah Ya ba mu ikon yi.