Kayan Tsohon Gida: Abin da Ke Ɓacewa Ranar Rabon Gado

A Birtaniya, idan zuri'ar wani babban gida ta gaza ɗaukar nauyinsa, masu gwanjo ake kira. Su ƙidaya komai, daga gadon mai gida har tukwanen madafa, su liƙa wa kowane lamba, su buga kundi. Cikin 'yan kwanaki abin da aka yi ƙarnoni ana tarawa ya watse. Haka aka yi wa gidan Mentmore na Ingila a 1977. Magadan sun yi wa gwamnati tayin gidan da kayansa a kan fam miliyan 2 saboda harajin gado, ta ƙi, kamfanin Sotheby's ya yi gwanjon kayan, aka tashi da sama da fam miliyan 6. Takaicin wannan asara na cikin abin da ya sa ƙasar ta kafa asusun ceto kayan tarihi a 1980.

A yankin Wales kuwa akwai gidan Erddig, kusa da Wrexham. Mai gidan na ƙarshe, Philip Yorke, ya miƙa shi ga ƙungiyar National Trust a 1973, da duk abin da ke ciki. Kayan Erddig ba su kama ƙafar na Mentmore a tsada ba. Amma iyalin ba su da ɗabi'ar zubar da komai, har hotunan barorinsu suka adana, don haka mai ziyara a yau yana ganin yadda aka rayu a gidan, daga zaure har ɗakin wanki. Darajar kayan tsohon gida tana cikin zamansu wuri ɗaya, tare da labarin kowane.

Bakin Tafkin Kainji ya san watsewar kaya fiye da wurare da yawa. Da aka kammala madatsar ruwa a 1968, ruwa ya shafe tsohuwar Bussa da tsibirai da ƙauyukan gaɓa, aka sauya wa mutum sama da 40,000 matsuguni, cikinsu har da Gungawa da Kambari na ƙasar Yauri. Masu binciken kayan tarihi sun yi gaggawar tono wasu kufai kafin ruwa ya iso, suka samo tukwane da siffofin yumɓu a kusa da Yelwa. Sauran duk yana ƙarƙashin tafki. Abin da ya tsira shi ne wanda mutane suka ɗauka a ka ko suka loda a jirgi: tasoshin tagulla na Bida, akussa, adudai, takubba, sirada da likkafu, masun farautar dorina, Alƙur'anai rubutun hannu a cikin gafaka. Saboda haka kayan da ke ɗakin wani dattijo a Warra ko Ngaski ko Shanga wani lokaci su kaɗai ne shaidar garin da babu shi yanzu.

Watsewa ta biyu tana gudana a hankali, ba kundi, ba lamba. Dattijo ya rasu, a yi sadakar uku da ta bakwai, a zauna rabon gado. Gona da gida da shanu an san kuɗinsu. Tsofaffin kaya kuwa akan kira su tarkace. Dillali ya taya takobi, 'yan gwangwan su auna tasar tagulla a sikeli su biya kuɗin kilo, littattafai su koma wani lungu su zama abincin gara. Gwanjon Turawa, duk da illarsa, yana barin rubutu a baya: wane kaya, daga wane gida, a kan nawa. Nan kuwa abu na fita daga ƙofa labarinsa ya mutu.

Ƙasar Yauri tana da misalin da ya isa hujja. Mungo Park ya halaka a Bussa a 1806, kayansa suka bazu a hannun mutane. Da Richard Lander da ƙanensa John suka zo a 1830 neman takardunsa, sun zauna makonni a Yauri, abin da aka nuna musu a Bussa kuwa wani littafin lissafi ne na matuƙan jirgi. Abin da ya rubuta a ƙarshen tafiyarsa har yau ba a gan shi ba. Amma sanda mai kan azurfa da ake dangantawa da shi ta zauna a fadar Sarkin Yauri, ana gadonta tare da labarinta. Da ta faɗa hannun dillali, da kuɗin azurfarta kawai za a biya.

Akwai mai cewa magada suna da haƙƙi, kuma gaskiyarsa. Shari'a ta ba kowane magaji rabonsa, ba kuma wanda zai ce wa marayu su zauna da yunwa don a adana sirdi. Dokar ƙasa ma ba ta warware matsalar ba. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta sanya kayan fasahar gargajiya da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta hana sayar da su sai ga wakilin da hukumar ta amince da shi, ta hana fitar da su waje ba izini. To amma dokar da ke hana sayarwa ba ta tilasta wa gwamnati saye, kuma mai buƙata ba ya jiran wakili daga Abuja. Sai cinikin ya koma ɓoye, farashi ya faɗi, magaji ya yi asara biyu.

Mafita tana cikin fiƙihun da ake raba gadon da shi. Mai kaya yana iya yin waƙafi da littattafansa ko kayan sarautarsa tun yana da rai da lafiya, su fita daga cikin abin da za a raba. Yana iya yin wasiyya da su ga makaranta ko masallaci ko gidan tarihi, muddin ba su wuce sulusin dukiya ba. Idan ya rasu bai yi ko ɗaya ba, ana iya yi wa kayan ƙima ta adalci, magaji ɗaya ya riƙe su ya biya sauran rabonsu. A nan ne ma'aikata da 'yan kasuwa na gidan, waɗanda ke Birnin Kebbi da Kaduna da Legas, suke da aikin yi, domin su ne ke da kuɗin fansa, kuma sau da yawa su ne ke zuwa ta'aziyya su koma kafin a buɗe adudu.

Kafin duk wannan akwai aikin da ba ya cin ko kwabo. A ɗauki hoton kowane abu da waya, a zaunar da tsohuwar gida ta faɗi wanda ya ƙera shi, da wanda ya kawo shi, da garin da aka taso da shi, a naɗi muryarta. Ko an sayar daga baya, an san abin da ya fita da inda ya nufa. Wurin ajiya ma ba baƙon abu ba ne a Kebbi: tsohuwar fadar Argungu ta zama Gidan Tarihi na Kanta tun 1958. Masarautar Yauri da hakimanta za su iya ware ɗaki mai rajista inda iyali zai ajiye kaya amana, da sunansa a jiki, ba tare da ya rasa mallaka ba.

Waɗanda suka yi ƙaurar 1968 da wayonsu yanzu sun haura shekara 65. Su ne kaɗai za su kalli akushi su ce daga wane tsibiri ya zo. Tun ran gini ran zane: a tambaye su yau, tun suna iya amsawa.